Tsohon Da Ya San Jirgi Da Kunne

Daga Allah muke, kuma gare Shi muke komawa. Ranar wata Laraba, jim kaɗan bayan sallar asuba, surukina ya cika a asibiti a Nguru, kafin azahar mun kai shi makwancinsa. Na ɗauki alƙalami ne don na ga jikokinsa ƙanana ne, abin da za su riƙe game da shi bai wuce wani tsoho mai nauyin kunne da ke zama a ƙarƙashin dalbejiya ba. Ni kuwa na san shi tun kunnensa na jin abin da namu ba ya ji, kuma ba na so wannan ya bi shi ƙasa.

Kwana uku muka yi muna zaman makoki a ƙofar gida. Mun zaci 'yan unguwa da dangi na Haɗeja ne za su cika tabarmi, sai ga a-kori-kura guda biyu daga Gashuwa, cike da manoman fadama na Katuzu, wasu da taɓo a ƙafa. Wani dattijon Bade a cikinsu ya zauna kusa da ni, ya ce shekara goma sha ba ya ɗauko injin ban-ruwansa in ya lalace. Zuwa yake ya tsaya gaban Saje, wato surukin nawa, ya kwaikwayi kukan injin da baki, Saje ya gaya masa abin da zai saya. Ya faɗi haka, ya so ya kwaikwaya mini kukan, muryarsa ta ƙi.

Tsofaffin sojoji uku sun zo, ɗaya yana dogara sanda. Kafin su zauna sai da suka jeru a bakin zaure suka ƙame, sannan suka ɗaga hannu aka yi addu'a. Goni, maƙwabcinsa Babarbare wanda ya yi masa salla, ya ce shekara ashirin suna faɗa a kan abu guda: ana tsakiyar karatu bayan la'asar sai Saje ya ɗaga kai sama, ya bar littafi a buɗe. Ya ce yanzu da zai dawo, da ya ƙyale shi ya kalli abinsa.

Wanda ya fi ba mutane mamaki shi ne wani Ibo mai sayar da kayan gyaran inji a kasuwa. Ya rufe shagonsa kwana ukun nan, ya zauna a gefen tabarma, hawaye na bin fuskarsa. Baƙi suna ta tambayata ko yaron gidan ne. Na ce musu a'a, amma labarin da tsawo.

Saje ake kiransa a gari, don da wannan muƙamin ya bar aikin sojan sama. Mu a gida Baba muke cewa. Bai taɓa tuƙa jirgi ba, makaniki ne. Ya shiga aikin yana saurayi, ana gab da yaƙin basasa, ya yi shekara ashirin da 'yan kai tsakanin Kaduna da Kano da Makurɗi, sannan ya dawo Nguru inda mahaifinsa, wani farke daga Haɗeja, ya kafa gida tun zamanin da jirgin ƙasa ke kwasar gyaɗa da fatu. Ya buɗe gareji a gefen gidan, rumfar kwano ce kawai da benci, yana gyaran injin ban-ruwa da injin niƙa da janareta.

Ni mutumin Gashuwa ne. An turo ni Nguru koyar da labarin ƙasa a makarantar sakandare, a nan na ga babbar 'yarsa. Ranar da na fara zuwa gaishe shi na durƙusa a bakin rumfar, kaina a ƙasa, ina jero gaisuwa. Yana amsawa sai ya ɗaga mini hannu, ya ce, "Saurara tukuna." Na dakata, na zaci wani laifi na yi. Ni ban ji komai ba sai kukan awaki. Can ya nuna yamma da sifanar da ke hannunsa ya ce Raƙumi ne, daga Kano, zai nufi gabas. Na waiga ina neman raƙumi a kan hanya. Sai da aka ɗan jima na ji rugugi, wani ƙaton jirgin soja mai farfela huɗu ya bayyana can sama yana tafiya a hankali. Baba ya dubi agogo, ya goge hannu, ya zaro wani littafi daga aljihun rigar aikinsa ya rubuta. Sannan ya juyo ya tambaye ni wane darasi nake koyarwa. Da na faɗa masa, ya ce to ni ne zan gaya masa garuruwan da jirgin nan zai bi ta kansu kafin ya sauka. Na lissafa iya sanina. Ya gyara mini ɗaya. Matata ta ce a ranar ya shiga gida ya gaya wa Iya, mahaifiyarta, cewa malamin nan ba laifi.

Kunyar da ke tsakanin suruki da suruki ba ta bar mu mun zauna a tabarma guda ba, sai jirage suka sama mana hanya. In ana maganarsu, yakan manta ni mijin 'yarsa ne, ni ma in manta.

Kowane jirgi suna biyu yake da shi a wurinsa, na masu shi da wanda ya raɗa masa. Raƙumi shi ne wanda sojoji ke kira Cali, na ɗaukar kaya da dakaru. Mig 17, wanda ya fara sa wa hannu lokacin yaƙi, Tarwaɗa yake ce masa, saboda bakinsa a buɗe yake a gaba, ta nan yake shan iska. Mig 21 Mashi ne, don tsinin da ke hancinsa. Alfa Jet, ɗan ƙarami mai saurin juyawa, shi ne Tsattsewa, kuma shi ya fi so. Jaguwa kuwa Amarya yake kiransa, wai ya fi ganinsa a ajiye cikin rumfa ana shafa shi fiye da a sama.

Yana da dogon bayani a kan yadda kowace ƙasa ke raɗa wa jiragenta suna, kuma ba ya gajiya da maimaita shi. Ya ce Rasha ba ruwanta da kirari, farkon sunan waɗanda suka zana jirgin take ɗauka ta liƙa lamba. Amurka harafi take sawa a gaba wanda zai gaya maka aikin jirgin, ko na faɗa ne ko na kaya. Ingila ita ce mai son suna mai ban tsoro, na namun daji da guguwa. Abin da ya fi ba shi dariya shi ne Turawan yamma, da ba su san ainihin sunayen jiragen Rasha ba, sai suka zauna suka raɗa musu nasu. Na faɗa duk da harafi ɗaya suke farawa, masu jefa bam da wani harafin, kuma in sunan gaɓa ɗaya ne jirgin mai farfela ne, in gaɓa biyu ne jet ne. Yakan ce, "Ka ga Malam, su ma laƙabi suke yi kamar ni. Bambancin kawai su an biya su." Daga baya na bincika a wani littafi a ɗakin karatu na makaranta, na tarar yadda ya faɗa haka yake.

Son abin gado ya yi, in ji shi. Mahaifinsa ya sha ba shi labarin lokacin yaƙin duniya na biyu, sa'ad da yake kai fatu Kano. A can yake ganin jiragen Turawa suna sauka garke-garke, wani babba a gaba ƙanana na biye. A bakin teku ake haɗa su, su biyo ta Kano da Maiduguri su nufi Sudan da Masar. Tsohon bai san sunan ko ɗaya ba, amma ya iya kwatanta su, kuma da Baba ya shiga soja sai da ya nemi hotunansu ya gano waɗanda uban ke nufi.

Kada mai karatu ya zaci sararin Nguru cike yake da jiragen yaƙi. Wani lokaci sai a yi wata biyu ba a ga ko ɗaya ba. Abin da aka fi gani shi ne na fasinja, can ƙololuwa, suna jan farin layi daga arewa zuwa kudu. Waɗannan motocin haya yake kiransu, amma su ma yana rubuta su. Littattafan irin na 'yan makaranta ne, ya ja musu layi da kansa: rana, lokaci, daga ina zuwa ina, iri, da yadda injin ke kuka. Duk Juma'a bayan la'asar yakan goya ni a babur mu tafi tsohon filin jirgi na bayan gari, mu shimfiɗa buzu a kan tudun yashi. Yana da wani tsohon madubin hangen nesa mai ido ɗaya a fashe. Mafi yawan ranaku ba ma ganin komai sai shamuwa da balbela suna komawa fadama. Na taɓa tambayarsa ko ba ya jin haushin zuwa a banza. Ya ce a gareji kullum kansa a sunkuye yake, nan ne kawai yake miƙe wuya.

Sau ɗaya na ga ya yi kuskure. Mun ji rugugi daga gabas, ya ce Raƙumi ne, har ya rubuta. Da jirgin ya fito daga gajimare sai ga farfela biyu maimakon huɗu. Ya daɗe yana bin sa da madubi, sannan ya ce na Faransa ne, irin waɗanda ke zaune a Cadi. Bai yage shafin ba. Ya ari jan birona na duba jarrabawa ya soke, ya rubuta a gefe: na yi gaggawa.

Ranar da ba zan manta ba ita ce wata Talata da damina, a shekarun da sojojinmu ke Laberiya. Ana cikin cin kasuwa sai ga jirage biyu sun tsaga garin ƙasa-ƙasa, ƙarar kamar sama ta tsage. Mata suka watsar da kwanuka, jakuna suka tsinke, wasu suka kwanta a ƙasa suna salati. Ni ina garejin a lokacin. Baba ya fito tsakiyar titi, hannunsa duk baƙin mai, yana ɗaga wa mutane hannu yana cewa namu ne, Tsattsewa ne, atisaye suke yi, ba su ɗauke da komai a ƙarƙashin fiffike. Mutane suka yarda da shi nan take, don sun san shi. Da ya dawo rumfa na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ce mai yiwuwa akwai notin da ya ɗaure da hannunsa a jikin ɗaya daga cikinsu.

Akwai ɗabi'ar da ya taho da ita daga bariki wadda ta sha haɗa shi da masu kawo gyara. In ya gama aiki ba ya tayar da inji sai ya jera kayan aikinsa a kan buhu ya ƙirga su, sifana da filaya da sukudireba, kowanne a gurbinsa. Manomi na tsaye yana ƙorafin tumatirinsa na bushewa, shi yana ƙirga. In ɗaya ya ɓace, to sai an kwance injin. Ya ce a inda ya koyi aiki, sifana ɗaya da aka manta a cikin inji ran mutum ce, kuma shi ya tsufa, ba zai sake hali ba.

A jikin ginshiƙin rumfar ya liƙa hotunan jirage da ya yanko daga tsofaffin mujallu. Guda ɗaya ne a cikinsu bai raɗa wa suna ba, wani dogo mai inji biyu da hancin gilashi, Il 28, mai jefa bam. In an tambaya sai ya faɗi lambar ya wuce.

Wannan hoton ne ya haɗa shi da mutumin da na ce ya rufe shago. Lokacin bai daɗe da zuwa Nguru ba. Wata rana ya kawo wa Baba kafireta da ya yi oda, ina zaune. Yana jiran a duba kayan sai idonsa ya faɗa kan hoton, ya tsaya cak. Ya tambaya da Hausarsa mai karyewa ko Baba ya san wannan. Baba ya ce ya sani. Mutumin ya ce yana ɗan shekara bakwai irin wannan ya zo kan kasuwar ƙauyensu da rana tsaka. Mahaifiyarsa ta tafi sayar da manja a ranar, ba ta dawo ba.

Na zaci Baba zai ce shi injin ban-ruwa kawai ya sani. Ya ajiye kafiretar, ya miƙe tsaye.

"Ni makanikinsu ne a lokacin," ya ce. "Na gyara irinsa, na kuma taya ɗora masa abin da yake ɗauka. Ban san ko wanda na taɓa ne ya je garinku ba. Ba zan ce maka ba shi ba ne."

Mutumin ya dube shi, ya juya ya tafi. Baba ya ciro hoton daga ginshiƙi, ya ninke shi ya sa a aljihu. Fiye da wata biyu mutumin bai sake biyowa ta layin ba. In Baba na bukatar kaya sai ya aika Gashuwa, don kada ya tilasta masa ganin fuskarsa.

Sai gobara ta tashi a layin masu kayan gyara, shaguna da dama suka ƙone, har da nasa. Washegari Baba ya je ya same shi zaune a kan toka. Bai yi masa dogon jaje ba. Ya ce rumfarsa ta yi masa yawa, rabi ya ishe shi, in yana so ya kawo abin da ya tsira ya kasa a ɗaya rabin. Bayan kwana uku mutumin ya turo baro da 'yan kwalaye. Shekara guda da rabi suka yi a rumfa ɗaya, Iya na aiko musu da tuwo a kwano ɗaya. Ban taɓa jin sun sake tayar da maganar yaƙi ba. Da matar mutumin ta haihu, Baba ne ya fara zuwa barka, daga lokacin shi ma ya koma kiransa Baba.

Sai da na ga wannan na fahimci rigimar da ta biyo baya tsakaninsa da autansa, ƙanin matata. Auta ya tashi a cikin hotunan nan da labaran nan, don haka da ya gama sakandare babu abin da yake so sai sojan sama. Kowa ya zaci Baba zai yi murna. Sai ya ce sam. Ya ce ya tafi ya karanta aikin gona ko aikin malanta, ko ya zauna a gareji. Auta ya tambaye shi dalili a gabana, ya ce ai shi ne ya koya masa son abin. Baba ya ce, "Na koya maka son inji. Abin da na ɗora wa jirgi da hannuna ya ishi gidan nan, ba sai an ƙara ba."

Auta bai ji ba. Ya ce zai je Kaduna wurin wani abokinsa, ashe ɗaukar sababbin sojoji ya je. Wasiƙarsa ta hannuna ta biyo, ni na kai. Baba ya karanta, ya mayar mini, ya ci gaba da wanke fulogi. Daga ranar ya daina ambaton sunansa. Shekara uku, in Auta ya zo hutu ya durƙusa gaishe shi, amsawa ɗaya yake yi ya tashi ya fita. Iya ta rame. Goni ya yi magana, kawunnan Auta na Haɗeja suka zo, ni ma na gwada sau biyu. A na biyun ya ce mini, cikin ladabi, in tsaya a kan labarin ƙasa. Har Juma'armu ta tsaya na wani lokaci, don a shekarar aka mayar da ni Gashuwa, ni kuma na sami hujjar rage zuwa.

Abin da manya suka kasa, injin niƙa ne ya yi shi. Auta ya zo hutun babbar salla, lokacin ya zama makanikin jirgi, ba matuƙi ba. Ya tarar Baba na fama da wani inji tun safe, hannunsa ya fara rawa, noti na zame masa. Auta ya cire rigarsa ya tsuguna a ɗaya gefen. Baba bai kore shi ba. Suka yi awa biyu suna miƙa wa juna sifana. Da aka gama, mai injin ya kama igiya zai tayar, Auta ya riƙe masa hannu. Ya shimfiɗa buhu, ya jera kayan aikin ya ƙirga, ya ga babu ƙaramar filaya, ya laluba ya zaro ta daga ƙarƙashin murfi. Baba na kallonsa. Can ya tambaye shi a kan wane iri aka sa shi. Auta ya ce na koyon tuƙi, a Kano, waɗanda ɗalibai ke tashi da su. Baba ya gyaɗa kai, ya ce ya shiga ya gaya wa uwarsa ta zubo abincinsu tare. Matata ta ce Iya a bakin murhu ta zauna ta yi kukanta.

Bayan haka ne kunnen ya fara tafiya. Likita ya ce ƙarar injin jet ta shekara da shekaru ce ta biyo shi. Da fari na kusa yake rasawa, sai an ɗaga murya. Daga baya jirgi ya wuce a kansa bai sani ba sai ya ga mutane sun ɗaga kai. Ya daina fita da littafi. Manoma suka ci gaba da zuwa, sai dai yanzu tafin hannu yake ɗorawa a jikin inji ya rufe ido. Bai taɓa yin ƙorafi a gabana ba, amma ya rage magana ƙwarai.

Shekarar da tsuntsaye jan-baki suka addabi shinkafa da gero a fadamar Gashuwa, aka kawo ɗan ƙaramin jirgin feshi mai farfela ɗaya, aka ajiye shi a filin bayan gari. Ba na soja ba ne, amma jirgi ne. Na ɗauki hayar mota na je Nguru na taho da shi ta Jajimaji, na ce masa jikokinsa ke nemansa. Da muka isa filin da yamma ya gane wayon, ya harare ni, amma ya riga ni fita daga mota. Na roƙi matuƙin, wani mutum mai fara'a, na gaya masa ko wane ne tsohon. Ya ce Baba ya matso. Baba ya zagaya jirgin sau biyu yana shafa fiffike, yana leƙa ƙafafu. Da aka tayar da injin, makanikinsu ya riƙe shi ta bayan farfela, Baba ya ɗora tafinsa a jikin jirgin. Iska na kaɗa babbar rigarsa, hularsa ta tashi na bi ta da gudu. Da na dawo na ga yana yi wa matuƙin alama ya kashe. Ya ce akwai fulogi ɗaya da ba ya ci daidai. Makanikin ya yi murmushi irin na girmama tsoho, amma matuƙin ya ce a duba. Aka kwance, aka sami ɗaya ya yi baƙi ƙirin. A hanyar komawa gida Baba bai daina magana ba, ya ba ni labarin Tarwaɗa da Mashi tun daga farko kamar ban taɓa ji ba, da ƙarfi, don shi ba ya jin muryarsa. Direban ma sai da ya rage gudu yana saurare.

Bai ƙara shekara ba bayan wannan. Ranar Litinin ya faɗi a bakin rumfa, aka kai shi asibiti. Na kira Auta a waya da yamma, ya ce yana tafe. Talata ta wuce bai zo ba. Baba yana farfaɗowa yana duban ƙofa. Na sake kira, ya ce in yi haƙuri, gobe da sassafe. Na ji haushinsa, har na gaya masa magana mai zafi. Da asubar Laraba Baba ya cika, Goni ya ce kada a jinkirta, kuma wayar Auta ba ta shiga don yana kan hanya. Ya iso ana kiran azahar, mun dawo daga maƙabarta, ƙafafunmu da ƙasa.

Bai tsaya a wurin maza ba, ya wuce ɗakin Iya, na bi shi. Ya durƙusa a gabanta ya kasa ɗaga kai. Ya ce ranar Litinin ɗin ya riga ya buɗe injin wani jirgi da ɗalibi zai tashi da shi, ya ji wani abu da bai gane ba. An ba shi izinin tafiya, an ce wani zai rufe ya sa hannu. Shi kuwa ya san in ya tafi ba wanda ya ji abin da ya ji. Ya zauna har ya gano shi, aka gwada injin da safiyar nan, sannan ya kamo hanya. Ya ce ya zaɓi ƙarfe ya bar ubansa, kuma bai san yadda zai yafe wa kansa ba.

Iya ta bar shi ya gama. Ta tambaye shi ko yaron da zai tashi da jirgin yana da uwa. Ya ce bai sani ba, amma yana zaton haka.

"Ranar da na haife ka," ta ce, "ubanka yana Makurɗi. An aika masa na sha wuya, an ba shi hutu. Sai da ya kwana huɗu ya zo, saboda wani jirgi da ya buɗe. Na yi wata guda ba na yi masa magana." Ta sa hannu ta ɗago fuskarsa. "Jiya da ya tambaye ka, na sa baki a kunnensa na ce kana kan aiki. Ya ce a ƙyale ka ka gama. Tashi ka wanke fuska, mutane na jiranka a waje."

Ya tashi. Na ba shi hanya, na nemi gafararsa a kan maganar da na faɗa masa a waya, muka fita tare muka zauna a tabarma ɗaya muna karɓar gaisuwa.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa abin da ya sani da abin da ya kwana yana tsoron ya aikata bai sani ba. Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Iya haƙuri, mu kuma in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.